Waƙoƙin NEPU da Dokar Hana Yara Siyasa

Duk wanda ya bi tarihin rubutattun waƙoƙin Hausa zai ga cewa tun daga 1950, lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, waƙa ta zama makamin talaka. Su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi ta zuba baitoci kan haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin 'yan doka. Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne yadda koyar da waƙoƙin ya kan kai mutum gaban alƙali.

A 1958 gwamnatin Jihar Arewa, wadda ke hannun NPC, ta kafa dokar yara da matasa. A cikinta aka hana duk yaron da bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, aka kuma tanadi hukunci ga babban da ya sa shi. A fuska dai kare tarbiyya ne. Amma su wa ke rera waƙar jam'iyya a dandali in ba yara ba? A ganina an gane cewa kama takarda ba ya kashe waƙa, shi ya sa aka nufi mai koyarwa da mai koyo. An hukunta wani mutum, Ɗahiru Ceranci, bisa laifin sa yaro cikin siyasa. Maganar ta kai Babbar Kotu a 1960, ya kafa hujja da 'yancin faɗin albarkacin baki, kotu ta ce dokar tana nan daram.

To, ina labarin ƙasarmu? Kankiya tana bakin hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuwa iyaka gare ta da ƙasar Kano, don haka abin da aka rera a birni ba ya daɗewa bai iso ba. Alƙali da ɗan doka da gidan yari kuwa duk na En'e ne, mai ƙara da mai shari'a gidansu ɗaya. Da na zaga garuruwan nan biyu ina neman waƙoƙi saboda kundin digirina, wani dattijo ya bayyana mini yadda suka koya. Mai karatu ɗaya zai samo takarda, da ajami ko da boko, ya biya wa samari a zaure bayan lisha, baiti-baiti kamar karatun allo. In ta zauna a ka, sai takarda ta shiga murhu.

Wannan dabara ta tsirar da mutane, amma mu manazarta ta bar mu da aiki. Dattijon ya kawo mini baitoci masu yawa ba gargada, amma da na tambayi mawallafi sai ya ce shi dai a zaure ya ji. Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966, yaran zauren nan kuwa wanda ya rage a cikinsu yau ya haura saba'in.