Gawo, Gyaɗa da Idon Sama: Tarihin Gonakin Sassumbrum

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Magarya zuwa Sassumbrum cikin watan Maris ya san abin da zan faɗa. Ƙasa ta bushe, kara ya ƙare a gona, awaki na lasar rairayi, amma ka ɗaga kai sai ka ga gawo ko'ina, kore shar, kamar shi kaɗai aka yi wa ruwa. Mu da aka haifa bayan 1995 haka muka buɗe ido muka tarar, har muka ɗauka haka wurin yake tun fil'azal. Ashe ba haka ba ne. Kakana ya ce mini a shekarar El-Buhari, wato yunwar 1984 da aka rufe iyakar Najeriya, kana tsaye bakin gari za ka hango mai jaki tun yana kamar ɗigon tawada, don babu icen da zai kare maka shi. Na ce, "Kaka, to ina itatuwan suka tafi?" Ya ce, "Mu muka kashe su, kuma mu muka maido su. Je ka tambayi masu boko dalili."

Na tambaya. Abin da na samu shi ne ƙasarmu tana da littafin tarihi guda biyu, ɗaya an rubuta shi daga sama da hoto, ɗaya yana cikin rairayin da muke takawa. Ba kullum suke faɗin magana ɗaya ba.

Gawo ba baƙo ba ne a nan. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, kuma ikonsa ya kai ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Wacha, ana ba da labarin cewa wanda ya sare gawo kansa ne a bakin takobi. Ko an taɓa zartar da hukuncin ko tsoratarwa ce, labarin ya nuna mutanen da sun san darajar icen tun kafin wani ya zo da kwalbar gwajin ƙasa. Sun ga hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri, kuma wannan ya ishe su hujja.

Da Faransawa suka zauna, sai suka kafa dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 a kan duk yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Dokar ta ware wasu itatuwa ta ce an hana taɓa su, ta sa su ƙarƙashin hukuma. Bayan 'yancin kai, dokar 1974 ta bi sawun ta Turawa. A takarda kariya ce. A gona kuwa, ga abin da ta haifar: icen da ya girma cikin gonarka ba naka ba ne, ka sari reshe don gyaran rumbu, ma'aikacin daji ya ci ka tara. To wane mai hankali ne zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa tsige ɗan gawo tun yana tsiro, kafin idon hukuma ya gan shi. Kakana ya ce shi kansa an taɓa karɓe masa gatari, aka ci shi kuɗin akuya guda, kan reshen icen da ubansa ya bari.

A daidai lokacin nan gyaɗa ta shigo da ƙarfinta. Magarya da Matamaye su ne zuciyar noman gyaɗa a Nijar. An kafa SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, kuma cikin shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga kayan da take sayarwa waje. Malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share ƙal, babu kututture, babu sabara, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Mutane na neman kuɗin haraji, jama'a na ƙaruwa, sai saura ta fara ɓacewa: gonar da a da ake bari ta huta shekaru, yanzu kowace damina sai an shuka ta. Daga nan fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, sannan 1984 ta rufe da duka. Iska ta riƙa binne shuka, mutum ya yi shuka sau uku, sau huɗu a damina ɗaya. Mata kuwa kara da kashin shanu suka koma ƙonawa, abin da ya kamata ya ruɓe a gona ya tafi murhu.

Su kuma masana na duniya sun riga sun yanke hukunci: wai hamada ce ke tafiya kudu. Tsohuwar magana ce. Wani Baturen daji ɗan Ingila, Stebbing, ya yi ta tun 1935, har aka tura kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ke tafiya ba. Amma magana mai ban tsoro ba ta mutuwa da wuri. A 1975 wani mai bincike, Lamprey, ya ce a Sudan hamada na cin kilomita biyar da rabi kowace shekara, kuma wannan lissafi aka yi ta maimaitawa, har cikin littattafan da aka karantar da mu.

Yanzu bari mu hau sama. An harba tauraron ɗan Adam na farko na jerin Landsat a 1972, sannan daga 1981 taurarin NOAA na Amurka suka fara ba da awon tsanwar ƙasa ba yankewa. Dabarar ba ta da wuya. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da ke gaba da ja wanda idonmu ba ya gani. Rairayi ba ya yin haka. In ka gwada yawan hasken nan biyu da suka dawo sama, sai ka san ko wurin ganye ne ko fili. Da wannan awo Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna a 1991 cewa bakin hamada gaba yake yi ya dawo baya, gwargwadon ruwan shekara. A 2005 kuma wasu suka lura cewa a wasu wurare na Sahel, har da kudancin Nijar, tsanwar ta fi abin da ruwan sama kaɗai zai iya bayarwa.

Amma ba su ga gawo ba, kuma dalilin ya ba ni dariya ranar da na gane shi. Na farko, ɗigo ɗaya a cikin waɗancan hotuna na NOAA faɗinsa kilomita 8 ne kowane gefe, wato hekta 6,400 an dunƙule su sun zama launi guda. Ko Landsat mai ɗigon mita 30 ba ya ware ɗan icen da bai fi mutum tsawo ba. Na biyu, masu awon sun fi zuba ido kan damina, lokacin da tsanwa ke kai ƙarshenta. To gawo kuwa da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai kaka ta yi ya sake tohowa. Wato a watan da ake ƙirga kore, shi ya tuɓe rigarsa. Shekara kusan ashirin manoma na renon itatuwa, ana leƙo su daga sama kowane 'yan kwanaki, ba a sani ba.

Yaya aka yi suka dawo? A Maraɗi an san labarin Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, wanda a 1983 ya gane cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara saiwoyin manyan itatuwa ne da ba su mutu ba. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran, a bar su su tashi: shi ne sassaben zamani. A ganina ana yawan ba wa wannan labari fiye da rabonsa in ana maganar gefenmu. A nan babu wani babban shiri da ya bi gona-gona. Wahala ce ta koyar, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, ga kuma tsohon sanin darajar gawo da bai mutu ba. Dabbobi suka ci 'ya'yan gawo suka watsa irin cikin kashinsu, manomi ya daina tsigewa. Kuma, a faɗi gaskiya, hukuma ta yi rauni a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ma'aikacin daji ya rage zagaye, mutane suka fara jin ice nasu ne tun kafin doka ta ce haka. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun zo ne suka tarar da aikin ya yi nisa.

Sai wajen 2004 zuwa 2006 aka haɗa ido biyu. Chris Reij ɗan Holan, da Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka bi ƙauyuka da ƙafa, suka ɗauko tsofaffin hotunan jirgin sama na 1957 da 1975, suka jera su da sababbin hotuna masu kaifi da ke nuna ice ɗaya-ɗaya. A yankin Magarya, Matamaye da Mirya kaɗai suka ƙiyasta hekta kusan miliyan ɗaya da itatuwa suka sake rufewa. A ƙasa baki ɗaya aka kai ga lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wani abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne inda jama'a suka fi cunkoso, nan itatuwa suka fi yawa, akasin abin da littafi ya ce. Har a wasu hotunan ana iya gane layin iyaka, gefen Nijar ya fi duhun itatuwa, alhali ruwa ɗaya ne, ƙasa ɗaya, dangi ɗaya.

To, hoto ya yi kyau. Mu sauko ƙasa, don nan ne nake da ja da masu murna.

Jigawarmu rairayi ce fiye da kashi 90 cikin 100. Ruɓaɓɓen ganye da taki da ke riƙe ruwa da abinci a cikinta, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Hatsi na neman abubuwa uku manya, waɗanda lambobin buhun kamfa 15-15-15 ke nufi: azot, fosfor da fotas. Azot yana cikin iska, kusan kashi 78 cikin 100 nata, kuma gawo dangin wake ne, akwai ƙwayoyin halitta a saiwarsa da ke kamo shi. Ganyensa na zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, babu inuwar da za ta danne hatsi, da rani kuma dabbobi na kwana gindinsa su bar kashi da fitsari. Tun 1965 Charreau da Vidal suka auna wannan a Bambey ta Senegal, suka ga amfanin hatsi a gindin gawo ya ninka na fili. Fotas da ɗan alli kuwa, ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi tana sauke mana kowace shekara, kyauta, tare da tari da mura.

Fosfor fa? Shi ba ya cikin iska. Babu icen da ke ƙirƙirarsa. Gawo na iya jawo shi daga ƙasa mai zurfi, akuya na iya ɗauko shi daga wancan gefe ta ajiye a wannan, amma duk juya abin da ke akwai ne, kamar mai zuba hatsi daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Kowane buhun gyaɗa da ya hau mota zamanin SONARA ya tafi da nasa rabon, ba a maido ba. Kowane buhun wake da riɗi da ke tsallaka iyaka yau haka yake yi. Binciken André Bationo da abokansa a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna cewa a irin wannan ƙasa ƙarancin fosfor ne ke fara tare hatsi, wani lokaci ma kafin ƙarancin ruwa. Shi ya sa suka fito da dabarar ɗan taki a rami: giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka. Ƙanƙanin abu, amma saiwa ta same shi tun tana jaririya.

Wannan ramin ne tauraro ba ya gani. Yana ganin ganye, ba ya ganin abin da ganyen ya rasa. Gona na iya yin duhu a hoton watan Maris saboda gawo, ta ba da dami goma a watan Oktoba inda a da take ba da talatin. Ko ƙuduji, da ke bin gajiyayyar ƙasa yana shan jinin hatsi, kore ne a idon na'ura. Har yanzu Magarya da Dungas na cikin wuraren da asibitocin tamowa ke cika da yara kowace damina, a tsakiyar itatuwan nan da duniya ke yabo. Ban ce gawo bai yi amfani ba. A yunwar 2005 gidajen da ke da ice sun sayar da itace da 'ya'yan gawo sun sayi tiya, waɗanda ba su da shi suka sayar da akuya. Amma gonar da ake rabawa tsakanin 'ya'ya takwas, ba hutu, ba taki, ice kaɗai ba zai biya mata bashin shekara sittin ba.

Yanzu kuma ido ya ƙara kaifi. A 2020 Martin Brandt da abokansa suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel, ta samu fiye da biliyan 1.8. Tun da aka amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, ga kuma cinikin iskar da itatuwa ke shanyewa, ƙirgar nan ta zama kuɗi. Wani na iya zama a ofis a wata nahiya ya san yawan gawon da ke gonar babana fiye da yadda babana ya sani, ya sa lambar cikin rahoto, ya karɓi tallafi a kanta. An yi dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan icen da ya rena, amma a ƙauyenmu waɗanda suka taɓa jin an karanta ta da Hausa ba su da yawa, kuma tsoron 1935 bai gama fita daga jikin tsofaffi ba.

Hutun da ya wuce na buɗe wa babana hoton gonarmu a waya. Ya gane ta nan take, ya riƙa nuna itatuwan da yatsa yana faɗin wanda ya bari shekarar da aka haifi yayata, da wanda ya tsiro inda Fulani suka yi zaman taki. Ya ƙirga ashirin da bakwai, daidai. Sai ya sa yatsa kan wani farin fili tsakanin gawo biyu, can gefen gabas, ya ce, "Nan fa shekara huɗu ke nan ko kara ba ya yi. Abin naku ya faɗi dalili?" Na ce a'a, Baba, sai an ɗebi ƙasar an kai ɗakin gwaji. Ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota zuwa Yamai.