Garin da Ya Kori Mai Sunansa

Gatlinburg wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Yana cikin kwari, a gindin duwatsun nan da a ke kira Smoky, watau masu hayaƙi. Ba kuwa hayaƙin wuta ba ne, wani shuɗin hazo ne da ke tashi daga itatuwa. Mazauna garin ba su kai dubu huɗu ba, amma baƙin da ke zuwa kallon duwatsun ko wace shekara sun fi miliyan goma, da yawansu kuwa ta nan su ke shiga.

Da can ƙasar farautar kabilar Cherokee ce. Wajen 1807 wata mace, Martha Ogle, wadda mijinta ya rasu, ta zo da 'ya'yanta suka kafa gida. A 1854 wani baƙo, Radford Gatlin, ya sauka ya buɗe kanti. Da aka sa gidan waya cikin kantin nan nasa a 1856, sai aka riƙa kiran wurin da sunansa. Shi kuwa mutum ne mafaɗaci, bai zauna lafiya da zuriyar Ogle ba. Ga shi kuma yana goyon bayan jihohin kudu masu bayi, alhali mutanen duwatsu suna bayan gwamnatin tarayya. Kafin yaƙin basasa ya tashi a 1861 sun kore shi. Mai suna ya tafi, suna ya zauna.

Sa'an nan aka daɗe ana fama da talauci, sai ɗan noma da saran katako. Arziki ya zo a 1934, sa'ad da gwamnati ta keɓe duwatsun ta hana sara da farauta. Attajiri Rockefeller ya ba da dala miliyan 5 don sayen ƙasar. Amma fa ba kowa ya ci riba ba, gama ɗaruruwan iyalai aka tayar daga gonakinsu, suka bar kushewun kakanninsu cikin daji. Gatlinburg da ke bakin iyaka ita ta kwashe ciniki.

Yau babban titin garin cike ya ke da masaukai da kantunan alewa da wuraren wasa, hayaniyar har ta yi yawa. Amma in mutum ya yi tafiyar mil biyu sai ya ji tsit, sai ƙarar ruwa bisa duwatsu. Da kaka, lokacin da ganyaye ke rikiɗa su yi ja, samun ɗakin kwana ya kan yi wuya.

A watan Nuwamba na 1916 da ɗari, watau 2016, hayaƙin gaske ya zo. Gobara ta gangaro daga dajin, iska na kora ta, ta ci gine-gine fiye da dubu biyu a garin da kewaye, mutum 14 suka rasu. Ba a yi mako biyu ba aka sake buɗe wa baƙi hanya, don ba su da wata sana'a sai ita.