Hanyoyin kammala binciken babban hanji idan na farko bai kai ƙarshe ba

Kolonoskofi bincike ne da likita ke zura doguwar na'ura mai kyamara ta dubura domin duba babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 1.5. Ba a cewa binciken ya kammala sai na'urar ta isa mafarin hanjin, a ƙasan ciki ta hannun dama. Ma'aunin ƙwararru shi ne a kai wannan wuri a aƙalla kashi 90 cikin 100 na binciken da aka yi. Idan aka tsaya a hanya, tsiro ko sankara na iya ɓoyewa a sashen da ba a gani ba, don haka bai kamata a bar maganar nan ba.

Abin da ya hana kammalawa shi ke nuna mafita. Idan bayan gida ne ya rufe hanjin, ana maimaita binciken bayan wankin ciki mai inganci: rage abinci mai harza na 'yan kwanaki, sannan a raba maganin gida biyu, rabi da yamma, rabi da safiyar ranar binciken.

Idan kuwa hanjin ne ya cika tsawo ko ya nannaɗe, ko tsohuwar tiyata ta sa ya manne, likita kan sauya dabara. Yana iya juya kwanciyar majiyyaci, mataimakinsa ya danna ciki, ko ya cika hanjin da ruwa maimakon iska, abin da ke rage lanƙwasa da zafi. Siririyar na'urar yara, ko ta duba tumbi, kan ratsa ƙuntataccen wuri. Wanda zafi ya hana shi jurewa ana yi masa allurar barci mai nauyi. Akwai kuma na'ura mai balan-balan biyu, wadda likita Hironori Yamamoto na Japan ya gabatar a 2001. Balan-balan ɗin kan riƙe bangon hanji har a tattare shi a wuce gaba.

Idan duk wannan bai yiwu ba, sai a koma ga hoton siti sikan na hanji, ko ƙwayar kyamara da ake haɗiyewa. Sai dai dukkansu ba sa cire tsiro ko gutsuro nama domin gwaji, kuma ba a ba mai toshewar hanji ƙwayar, don tana iya maƙalewa. In sankara ce ta tare hanya, akan duba ragowar hanjin cikin wata 3 zuwa 6 bayan tiyata.

Majiyyaci ya karɓi rahoton binciken farko, mai nuna inda na'urar ta tsaya da dalili, ya kai wa likitan da zai maimaita, ya kuma faɗa masa duk tiyatar cikin da aka taɓa yi masa.