Tarihin Ilimin Damƙar Ƙarfe a Ruwa

Damƙar ƙarfe ita ce yadda wani sinadari ke cafke ƙwayar ƙarfen da ya narke a ruwa ta wuri biyu ko fiye, kamar riƙon da awartaki ke yi a maƙera. Ƙarfen da aka damƙe halinsa kan canza: wani ya daina kwanciya a laka ya bi ruwa, wani kuma dafinsa ya ragu.

Dukawan Kano sun daɗe suna cin moriyar abin. Sukan jiƙa guntayen ƙarfe, su shafa ruwan a fatar da aka jeme da bagaruwa, sai ta koma baƙa wuluk, domin sinadarin bagaruwar ya kama ƙarfen. Bayanin kimiyya ya zo ne a 1893 daga Alfred Werner na Zurich, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913. A 1935 Ferdinand Münz ya haɗa EDTA, wani sinadari mai damƙar ƙarfe, a Jamus don masaƙu, daga baya sinadarin ya shiga sabulai da magunguna. Sai dai ba ya ruɓewa da wuri, kuma idan ya faɗa kogi yana iya tayar da ƙarafan da suka kwanta a ƙasan ruwa. Ruɓaɓɓen ganye ma na sakin sinadarai masu irin wannan riƙo.

Shi ya sa auna yawan ƙarfe kawai ba ya wadatarwa, sai an san me ke riƙe da shi. Masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna aiki da ƙarfen kuromiyam, dagwalonsu kuma na gangarawa Kogin Challawa, ya haɗu da Kogin Kano, ya ratsa Wudil zuwa Jigawa. Kuromiyam da ya haɗe da dattin fata yana da wuyar tacewa, ga shi da wannan ruwa ake ban-ruwan lambuna.

A Zamfara ne aka ga amfanin ilimin ƙuru-ƙuru. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida, ƙurar ta baɗe ƙasar da yara ke rarrafe, ta shiga kududdufai. Yara aƙalla 400 suka rasu. Aka riƙa ba waɗanda suka kamu succimer, maganin sha da ke damƙe dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari.

Maganin bai da fa'ida muddin yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai an kankare ƙasar tukuna. Abin takaici, Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin wannan aiki, yaranta na zaune da dalma a jini. A 2015 irin annobar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.