Tarbiyyar Ƙananan Yara a Gida da Ajin Share Fagen Firamare

Gabatarwa

Tarbiyya ita ce ɗora yaro a kan ladabi da gaskiya da tsafta da sanin girman jama'a tun kafin ya yi wayo. A wannan shafi mun taƙaita bayani a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 5, wato daga bayan yaye zuwa shiga aji ɗaya na firamare. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iso aji ɗaya bai iya sauraro ko jiran layi ba yakan sha tsawa da bulala, makaranta ta fita daga ransa, ƙarshenta ya daina zuwa. Asarar ta iyaye ce, ta gari ce, ta jiha ce baki ɗaya.

Matsayin Hukuma

Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta sanya reno da ilimantar da ƙananan yara cikin ilimi na tushe. Kundin Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ya lissafa cusa ɗabi'un zamantakewa da haɗin kai da kiyaye lafiya cikin manufofin wannan mataki, ya ce a koyar da su ta hanyar wasa, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Bugun 2013 ya ware shekara ɗaya ta share fage ga 'yan shekara 5 kafin firamare. A matakin jiha, Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ce ke kula da waɗannan azuzuwa ta hannun sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi.

Halin Yaro a Waɗannan Shekaru

Wajibi ne mai horo ya san abin da yaro zai iya. Ɗan shekara 3 ba ya jimirin zama wuri ɗaya na dogon lokaci, kuma wannan ba rashin kunya ba ne. Ya fi koyo da ido a kan koyo da kunne. Yakan cakuɗa abin da ya faru da abin da ya ƙaga a zuciyarsa, don haka ba kowane zance nasa ne ƙarya ba. Haka nan ba ya iya haɗa laifin safe da hukuncin dare. Yunwa da rashin barci da zazzaɓi su ma sukan sa shi rigima. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 suna bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana, kuma kada kallon talabijin ko waya ya wuce awa ɗaya.

Tarbiyya a Gida

1. Zama abin koyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke gida ya ce a gaya wa mai sallama ba ya nan ya koyar da ƙarya. Gidan da ake sa yaro ya yi daƙuwa ana dariya ya koyar da zagi.

2. Ƙa'idoji kaɗan masu ɗorewa. Gaida manya da safe, sallama kafin shiga ɗaki, karɓa da ci da hannun dama, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida. Waɗannan sun isa a fara da su.

3. Magana ɗaya. Idan uwa ta hana, kada uba ko kaka su bari. Yaro yana saurin gane ƙofar da ke buɗe.

4. Faɗin abin da ake so. "Ajiye wuƙar, kawo mini ludayi" ya fi "bari" amfani, domin ya nuna wa yaro abin yi.

5. Yabo nan take. "Madalla, Allah ya yi maka albarka" a lokacin da ya raba wa ƙanensa ƙuli-ƙuli yana sa ya maimaita.

6. Ƙananan ayyuka. Jera takalma, watsa wa kaji tsaba, ɗauke kwano bayan ci. Amma talla da aike zuwa nesa ba na ɗan wannan shekaru ba ne.

7. Adalci. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, fifita 'ya'yan wani ɗaki yana shuka gaba tsakanin 'yan uba.

8. Tatsuniya. Labaran Gizo da Ƙoƙi makaranta ce. Bayan an ƙare, a tambayi yara abin da haɗama ta jawo wa Gizo.

Tarbiyya a Aji

Muna shawartar malamai su tsara rana bisa tsari ɗaya: gaisuwa, duba tsafta, waƙa, darasi gajere, wasa, kalaci, hutu. Yaron da ya san abin da ke tafe ba ya yawan fitina. A kira kowane yaro da sunansa, a guji laƙabi irin su daƙiƙi ko ɓarawo, domin suna liƙewa. Idan biyu suka yi faɗa a kan alli, malama ta durƙusa daidai tsayinsu, ta saurari kowa, ta sa mai laifi ya ba da haƙuri. Wanda ya ci gaba da dukan 'yan uwansa a zaunar da shi gefe na 'yan mintuna inda ido ke kansa, sannan ya koma wasa. Da yake yara da yawa suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, yana da kyau malaman ɓangarorin biyu su riƙa tuntuɓar juna.

Game da Duka da Tsoratarwa

Duka yana tsayar da yaro na ɗan lokaci, amma ba ya koya masa abin da ya dace. Yana koya masa ɓoye laifi da dukan wanda ya fi ƙarfi. Mari yana iya fasa dodon kunne. Kulle yaro a ɗaki mai duhu, ko hana shi abinci, ko tsorata shi da allura, duk illa ne. Wanda aka saba tsoratarwa da allura shi ne ke gudu ranar rigakafi. Yaron da ba ya amsa kira, ko ya kai shekara 3 bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi asibiti a duba ji da lafiyarsa kafin a ce taurin kai ne.

Kira ga Shugabanni

Ɗa na kowa ne. Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su tabbatar an sa yara ajin share fage a kan lokaci, maza da mata. Kwamitocin kula da makarantu su duba cewa ajin yana da tabarmi da ruwan sha da bayan gida, kuma ba a cunkusa yara ba. Sakatarorin ilimi su tura malamai masu haƙuri da horo kan renon yara, kada a mai da ajin wurin ajiye wanda ya gaza. Iyaye kuma su riƙa leƙa makaranta ko ba a kira su ba. Mai ƙorafi ko neman ƙarin bayani ya tuntuɓi shugaban makarantar garinsu ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa.