Daga Sarkin Samari Zuwa Takardar Rajista

Duk wanda ya zauna Araba ko Illela ya san abin da kaka ke zuwa da shi. In an gama yankan gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbuna, sai makaɗa su fito, samari su ɗaura warki a shiga kokawa. Mutanen Birnin Ƙonni su ƙetaro, namu su ma su ƙetara, gama iyakar da Ingilishi da Faransai suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba dangi ba. Amma ta raba doka. To, shi ne abin da za mu duba: yadda doka ta shiga sha'anin wasa, da abin da ta jawo.

A zamanin da, wasa ba shi da takarda. Sarkin Samari ke shirya fili da iznin hakimi ko dagaci, dattawa su raba gardama. Abin da aka samu na kyauta, riga ce ko goro ko kuɗi, nan take ake raba shi a idon jama'a, kowa ya koma gida. Ba a ajiye kome, saboda haka ba a neman ma'aji. Amma da wasa ya girma, aka fara karɓar kuɗin ƙofa, ana sayen fili ana kewaye shi, sai tambaya ta taso: wannan dukiya ta wane ne? In shugaba ya mutu, magadansa za su ci filin, ko kuwa jama'a?

A Nijeriya an fara amsa wannan tambaya a 1924, sa'ad da Gwamnati ta yi doka wadda ta yarda jam'iyyun addini da na ilmi da na taimakon jama'a su naɗa amintattu su riƙe musu ƙasa. Ko amintattun sun mutu, sunan jam'iyya yana nan, filinta kuma yana nan. A 1990 aka yi dokar kamfanoni, aka kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, aka ambaci jam'iyyun wasanni a fili cikin waɗanda za su iya yin rajista. Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. Jam'iyya ta rubuta tsarinta, ta bayyana amintattunta, ta kai bayani ga Hukuma kowace shekara. Babban sharaɗi kuwa shi ne kada a raba ribar jam'iyya tsakanin 'ya'yanta. Watau kuɗin amana ne, sai a kashe su kan abin da aka kafa jam'iyyar dominsa.

A ƙetaren iyaka kuwa wata hanya aka bi. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda dokar jam'iyyu ta 1901 ta kafu. A zamanin Seyni Kountché aka raya samariya, aka kuma soma gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya a Tawa a 1975, wadda ake ba gwaninta takobi. Kantu na Maraɗi shi ya fara ɗaukarsa. Sa'an nan ran 1 ga Maris 1984 aka fito da dokar jam'iyyu, wadda ta ce sai da iznin Ministan Cikin Gida jam'iyya za ta yi aiki, ta kuma hana jam'iyyar ƙabila ko ta ɓangare. Kokawa ta sami filaye na gini da kyautuka masu tsoka, amma fa ragamarta ta koma kusa da hannun Gwamnati.

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar da ta tsare dukiyar jam'iyya, ita ce kuma kan buɗe wa hukuma ƙofar shiga. Labarin ƙwallon ƙafa a Nijeriya ya ishe mu misali. Doka mai lamba 101 ta 1992, ta zamanin soja, ta ba Minista iko mai yawa kan naɗa masu tafiyar da hukumar ƙwallo. Hukumar ƙwallo ta duniya kuwa, watau FIFA, ƙa'idarta ita ce 'ya'yan jam'iyya su zaɓi shugabanninsu, gwamnati ba ta sa hannu. A 2014 wata kotu a Jos ta dakatad da shugabannin hukumar, waɗanda Aminu Maigari ke ja, Minista ya sa wani ma'aikacin Gwamnati ya riƙe. Ran 9 ga Yuli FIFA ta hana Nijeriya shiga kowane wasa na duniya. Sai da aka mai da shugabannin kan kujerunsu kana aka ɗage hanin, ran 18 ga watan. Da an daɗe, da 'yan wasa ne za su sha wuya, su da ba su ci nanin ba.

Har wa yau, a 2020 aka sabunta dokar kamfanoni, aka sa sashe na 839, wanda ya ba Hukumar Rajista ikon dakatad da amintattu ta naɗa masu riƙo in an sami ɓarna. Jam'iyyu da yawa suka koka, har a 2023 wata kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa sashen ya saɓa wa tsarin mulki.

To, mai karatu, mene ne namu a ciki? Hukuma ba ta cika samun hanyar shiga ba sai inda aka bar lissafi ya lalace. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Kai da ka yaƙi jahilci ka iya karatu, in kana cikin jam'iyyar kokawa ko ta ƙwallo a garinku, ka nemi a karanta tsarinta a bainar jama'a. Ka tambayi sunayen amintattu, da ranar zaɓe. In ma'aji ya karɓi kuɗi ya ba da rasit, ƙarshen shekara a buɗe littafi kowa ya ji abin da ya shiga da abin da ya fita. Kakanninmu a idon jama'a suke raba kyautar fili. Littafin lissafi shi ne idon jama'a na wannan zamani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.