Kada Ka Ƙwace wa Yaro Numfashinsa

Abin da manyanmu suka fara koya mana a ɗakin tiyata shi ne, yaron da ba ka tabbatar za ka iya zura masa bututun numfashi ba, kada ka ba shi maganin da zai tsayar da numfashinsa. A garuruwa irin Haɗejiya, inda galibi mu ma'aikatan jinya ne ke sa majinyaci barci, wannan ƙa'ida ta girmi duk na'urar da muke da ita.

Jariri yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba idan aka auna da nauyinsa, ga huhunsa ba ya ajiye da yawa. Da ya daina shaƙa, nan da nan leɓɓansa su yi duhu. To ina ga wanda aka haifa da ƙanƙanuwar haɓa, harshe ya koma baya ya toshe maƙoshi, irin larurar da likitan Faransa Pierre Robin ya bayyana a 1923? Ko mai ciwon Hurler, wanda harshensa ke kauri, wuyansa ya gajarce? Wannan na biyun sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci.

Kayan aiki sun zo mana ɗaya bayan ɗaya, kuma a makare. Ƙarfen leƙa maƙogwaro na Miller, mai miƙaƙƙen baki, tun 1941 yake, har yau shi ne abokin jarirai. Allurar ketamin, da ta shiga asibitoci a 1970, ita ta ceci karkara, don takan sa yaro barci ta bar shi yana numfashi da kansa, ko da yake tana ƙara yawu. Robar Archie Brain mai zama a bakin maƙogwaro ta fito kasuwa a 1988, ta zama mafita in bututu ya ƙi shiga. Amma a ganina babu kamar 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin. Kafin ta, launin leɓe muke kallo, shi kuwa launi a baƙar fata sai abu ya yi nisa yake nunawa.

Babbar makarantar wannan aiki a Arewa ba ciwon gado ne ya kafa ta ba, cutar noma ce, mai cin naman baki da fuska. A Asibitin Noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ke tallafa wa tun 2014, ana kawo yaran da tabo ya ɗaure musu muƙamuƙi, ko cokali ba ya shiga. Irinsu ta hanci ake bi da siririyar waya mai haske, ana kallon hanya, yaron na numfashinsa har bututu ya zauna. Dabarar ɗaya ce da ta mai ƙanƙanuwar haɓa.

Mu a nan gwanintarmu ita ce gane irin wannan yaro tun kafin a hau gado, a duba haɓarsa ta gefe, a tambayi uwar ko yana minshari ko yana ƙwarewa wurin shan nono, sannan a tura shi Asibitin Malam Aminu Kano in aikin zai iya jira. Sai dai a damina irin ta 2022, da ruwa ya yanke ƙauyukan Auyo, Guri da Kirikasamma, tura majinyaci magana ce ta fatar baki. Abin da ya rage shi ne a koya wa uwa ta kwantar da shi ta gefe ko rub-da-ciki don harshen ya faɗo gaba, a sa masa 'yar roba ta hanci, a jira hanya ta buɗe.